Yadda ake tsara kalmomin sirri masu ƙarfi da yadda ake riƙe su

Duk mai riƙe da babbar waya a Kaduna a yau, idan ya zauna ya ƙirga wuraren da ya taɓa yin rajista a intanet, zai yi mamakin yawansu. Akwai imel, akwai WhatsApp da Facebook, akwai manhajar banki da ta OPay ko PalmPay ko Moniepoint, akwai shafin sayen tikitin jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja, ga shafin JAMB ko na makaranta idan ɗalibi ne, ga na wurin aiki idan ma'aikaci ne. Kowanne yana neman kalmar sirri, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka, shi ya sa mutane da dama suke zaɓar kalma guda, galibi lambar wayarsu ko sunan ɗan fari haɗe da shekarar haihuwa, su baza ta ko'ina. Shawarata ita ce mutum ya daina wahalar da kansa da haddar kalmomi ashirin. Ya haddace uku ko huɗu masu ƙarfin gaske, sauran kuma ya damƙa su ga ma'ajiyar da aka ƙera domin wannan aiki. Yammaci guda da natsuwa da 'yar data sun isa a kammala, kuma ba sai mutum ya karanci ilimin kwamfuta ba.

Ya kamata a fara da sanin yadda ake sace kalmar sirri. Wani lokaci cankarta ake yi, domin wanda ya san sunan matarka da lambar wayarka da ƙungiyar ƙwallon da kake goya wa baya ya riga ya tara abubuwan da zai gwada. Wani lokaci kuma ba kai ake fara yi wa sata ba, kamfanin da ka yi rajista da shi ake kutsawa. A shekarar 2009 an kutsa rumbun wani kamfanin Amurka mai suna RockYou aka kwashe kalmomin sirri fiye da miliyan 32, da aka bincika su kuwa sai aka tarar 123456 ce ta fi kowacce yawa. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma sai a 2017 kamfanin ya bayyana cikakken girman ɓarnar. Masu irin wannan sata sukan ɗauki imel da kalmar da suka samu a wuri guda su riƙa gwada su da na'ura a sauran shafuka, saboda haka wanda yake amfani da kalma ɗaya a wuri goma, sata guda ce za ta buɗe goman. Hanya ta uku ita ce yaudara, wato a sa ka miƙa kalmar da hannunka, kuma ita ce muka fi jin labarinta a unguwanninmu.

Mataki na farko shi ne lissafi. Ka sami takarda da biro, ka rubuta sunan kowane wuri da kake da asusu, a gaban kowanne kuma ka rubuta lambar waya da imel ɗin da aka yi rajistar da su. Kada ka rubuta kalmar sirri tukuna. A nan ne mutane kan gano cewa wani asusun yana rataye da tsohon layin da suka jefar tun shekarun baya, alhali kamfanonin sadarwa suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, wanda daga nan saƙonnin tabbatarwarka wayarsa za su riƙa shiga. Duk inda ka ga haka ka yi masa alama domin a sauya lambar. Bayan nan ka kasa jerin kashi uku: na farko imel da layin waya da WhatsApp da makullin fuskar waya, na biyu duk abin da ya shafi kuɗi, na uku sauran.

Dalilin sanya imel gaba da banki shi ne imel kamar zauren gida yake, wanda ya wuce shi ya isa kowane ɗaki. Kusan kowane shafi, idan aka danna cewa an manta kalmar sirri, can yake aika hanyar sauya ta. Abin takaicin shi ne imel ɗin ne mutane da yawa ba su taɓa sanin kalmarsa ba, domin ba su suka buɗe shi ba. Mutum ya sayi sabuwar waya a wajajen Kasuwar Sheikh Gumi, yaron shago ya ce, "Alhaji, kawo in buɗe maka imel in saukar maka da WhatsApp." Kafin a gama ƙirga kuɗi ya gama, ya miƙo wayar yana cewa, "Lambar wayarka na sa maka a matsayin kalmar, don kada ka manta." Kyautatawa yake nufi, amma ya bar Alhaji da makullin da duk wanda ya taɓa kiransa ya sani. Haka ake yi wa ɗalibai a shagunan intanet lokacin rajistar JAMB, a rubuta musu kalmar a bayan takardar shaida, takardar kuma ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ranar shiga KASU ko Kaduna Poly. Duk asusun da wani ya buɗe maka, ko ɗanka ne na cikinka, sai ka sauya kalmarsa da kanka kafin ya zama naka.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne bukatar a tsaya a kansa, shi ne ƙirƙirar kalmar da za a haddace. An daɗe ana koya mana cewa kalma mai ƙarfi ita ce mai cakuɗe da alamomi da lambobi da manyan baƙaƙe, kuma a riƙa sauya ta kowane wata uku. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wata takarda da cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta fitar a farkon shekarun 2000, kuma Bill Burr, wanda ya rubuta ta, ya fito a 2017 ya nuna nadamar yawancin abin da ke ciki. A wannan shekarar ce cibiyar ta sake ƙa'idojinta, ta fifita tsayi a kan cakuɗa, ta kuma janye shawarar tilasta wa mutane sauyi lokaci-lokaci ba tare da dalili ba, domin an lura cewa wanda aka matsa wa sauyi yakan ƙara lamba ɗaya ne kawai a ƙarshen tsohuwar kalmarsa.

Lissafi kaɗan zai nuna amfanin tsayi. Lambar sirri mai guda huɗu hanyoyi 10,000 ne kawai ake iya jera ta. Ƙananan baƙaƙe takwas na boko suna ba da kusan biliyan 209, adadin da yake da girma a ido amma ba shi da wuya ga kwamfutocin da aka tanada domin gwaji. Idan kuwa aka zaɓi kalmomi biyar a makance daga cikin kalmomi 2,000, hanyoyin sun kai tiriliyan dubu 32, wato sun ninka na baƙaƙe takwas sau fiye da dubu 150, ga shi kuma kalmomi biyar na Hausa sun fi baƙaƙe takwas marasa ma'ana sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauko littafin Hausa ko jarida ko ƙamus, ka buɗe shafi ba tare da dubawa ba, ka rufe ido ka ɗora yatsa, ka ɗauki sunan abin da ya fi kusa da yatsan. Ka maimaita a shafuka dabam-dabam har ka sami kalmomi biyar. Za ka iya samun wani abu kamar kujera, damina, allura, jirgi, gishiri. Wannan misali ne kurum, kuma tunda ya fito a rubutu ya daina zama sirri, kada kowa ya ɗauke shi. Sharaɗin shi ne kalmomin su kasance ba su da alaƙa da juna kuma ba su da alaƙa da kai. Karin magana ko baitin waƙa ko ayar Alƙur'ani ko addu'ar da kowa ya sani ba za su yi ba, komai tsawonsu, domin masu kutse suna tara sanannun jimloli su zuba wa na'urorinsu, kuma kuskure ne a ɗauka Hausa ta ɓoyu gare su, tunda cikin masu damfarar akwai waɗanda da ita suka tashi. Idan yatsanka ya faɗa kan kalma mai baƙi mai lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ka sake zaɓe, domin ranar da za ka shiga asusunka daga kwamfutar ofis ko wayar aro ba lallai ka sami waɗannan baƙaƙe ba, wasu shafukan ma ba sa karɓarsu. Shafin da ya dage sai an sa babban baƙi da lamba da alama kuwa, sai ka mayar da farkon kalma ɗaya babba, ka raba kalmomin da ɗigo ko karan ɗori, ka soka lamba a tsakiya, muddin ba shekarar haihuwarka ba ce.

Riƙewa kuma tana zuwa ne ta hanyar haɗa kalmomin su zama hoto guda a zuci, ko da hoton bai yi kama da abin da zai faru ba: kujera a tsakiyar ruwan damina, an soke ta da allura, jirgi ya zo ya zuba mata gishiri. Ka rubuta jimlar a 'yar takarda ka adana a wuri mai makulli a gida, sannan a makon farko ka riƙa fita daga asusun kana sake shiga da hannu safe da yamma, domin hadda ba ta zama sai da bita, kuma yatsu ma suna da tasu haddar. Irin wannan jimla guda biyu ake bukata, ɗaya ta imel, ɗaya ta ma'ajiyar da za a yi bayaninta. Idan aka haɗa da lambar buɗe waya da lambar sirrin banki, an gama mafi yawan abin da za a ɗora wa ƙwaƙwalwa.

Mataki na uku shi ne a sa sabuwar jimlar a imel. A wayar Android, ka shiga saituna, ka zaɓi Google, ka buɗe wurin kula da asusu, sannan sashen tsaro, a nan za ka sauya kalmar. Kada ka fita sai ka duba abu biyu a wannan sashe: lambar waya da imel ɗin da aka ajiye domin dawo da asusu, ka tabbatar naka ne ba na yaron shago ba, da kuma jerin na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba ko wadda ka sayar.

Mataki na huɗu shi ne ma'ajiyar kalmomin sirri. Manhaja ce da take ƙirƙira wa kowane shafi doguwar kalma tasa shi kaɗai, ta adana ta a kulle, ta kuma cike maka ita idan ka zo shiga. Wayoyin Android suna zuwa da ta Google, iPhone yana da tasa, akwai kuma masu zaman kansu irin su Bitwarden, wadda ake iya amfani da ita kyauta a waya da kwamfuta. Ga wanda waya ɗaya yake da ita, ta cikin wayar ta wadatar, sai dai ya sani cewa tsaronta ya dogara ne kan kalmar imel da makullin fuskar waya. Ba sai an kwashe komai rana guda ba. Ka fara da Facebook da shafukan da akwai katin bankinka a ciki, sauran kuma duk ranar da ka shiga ɗaya sai ka sauya kalmarsa da wadda manhajar ta ba ka. Wani amfaninta da ba a cika faɗa ba shi ne ba ta cike kalma a shafin bogi, domin adireshin shafin take dubawa ba kamanninsa ba, saboda haka idan ta ƙi cikewa a inda ta saba, ka dakata ka sake duba inda kake.

Akwai masu tambayar ko ba haɗari ba ne a tara komai wuri guda. Tambayar tana kan hanya, domin a 2022 an kutsa kamfanin LastPass aka kwafi ma'ajiyoyin masu hulɗa da shi, kuma ko da yake a kulle suke, waɗanda babbar kalmarsu ta buɗe ma'ajiyar ba ta da ƙarfi sun fi kowa shiga haɗari. A ganina abin da wannan ya nuna shi ne a ƙarfafa babbar jimlar, domin komawa ga kalma ɗaya tilo a shafi ashirin ya fi wancan muni. Iyayenmu da ba su saba da manhajoji ba kuwa, ƙaramin littafi da ake ajiyewa a cikin akwati a ɗaka ya ishe su, kuma babu aibu a ciki. Abin da bai kamata ba shi ne a soke takardar a bayan murfin waya, ko a tura wa kai kalmomin ta WhatsApp, ko a ɗauki hotonsu a bari cikin hotunan biki.

Mataki na biyar shi ne ƙara makulli na biyu, ta yadda ko an sace kalmar ba za a shiga ba. A WhatsApp, ka shiga saituna, sannan asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba mai guda shida, ka kuma sa imel ɗinka domin ranar mantuwa. Wannan kaɗai yana toshe damfarar da ta yi yawa a zaurukan 'yan makaranta ɗaya da na ƙungiyoyin unguwa, inda wani zai kira da sallama da ladabi ya ce, "Hajiya, za mu yi taron ƙungiya ta intanet da daddare, an turo miki lambar shiga, karanto mini in sa sunanki." Lambar nan ta rajistar WhatsApp ɗinta ce, da zarar ta karanta an ɗauke asusun, sai a fara bin 'yan uwa da saƙon neman rance da sunanta. A Google da Facebook ma akwai irin wannan tsari a sashen tsaro. Inda aka ba ka zaɓi, manhajar tabbatarwa irin Google Authenticator ta fi saƙon tes, domin tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30, tana aiki ko babu sabis, kuma wanda ya ɗauke layinka bai same ta ba. Google yana bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya, ka kwafe su a takarda ka haɗa da jimlarka a akwati. Idan wani shafi ya ba ka damar shiga da zanen yatsa ko fuska a madadin kalma, sabon tsarin da Apple da Google da Microsoft suka haɗu a kansa tun 2022, ka karɓa.

Layin waya ma yana bukatar nasa makullin, musamman a garin da ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne. Wanda ya fizge waya a cunkoson Kawo ko a Keke Napep ba lallai ya damu da buɗe ta ba, yana iya zare layin ya sa a ƙaramar waya, ya duba BVN, ya riƙa karɓar lambobin OTP, wato lambobin tabbatarwa da banki yake turowa ta tes. Maganin wannan shi ne kunna lambar sirrin layi a saitunan tsaro na waya. Ka tambayi kamfanin layinka lambar sirrin da layin ya zo da ita da PUK, wato lambar buɗe layin da ya kulle, kafin ka fara, kada ka yi ta canka, domin kuskure uku yana rufe layin sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. Ka kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle, in ba haka ba ana iya karanta OTP ba tare da an buɗe ta ba.

Lambobin sirrin banki ba a rubuta su ko'ina. Kada su zama 1234 ko shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, kuma ta kati ta bambanta da ta tura kuɗi. A wurin mai POS ka karɓi na'urar ka danna da kanka, ɗaya hannun yana kare ta, kada ka faɗi lambar da baki komai sabo. Mai yawan aiken yaro da kati ya fi masa kyau ya ware asusu dabam da ba ya ajiye kuɗi mai yawa a ciki. Banki ba ya kira ya nemi PIN ko OTP ko lambobin bayan kati, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka ya ce za a rufe asusunka yau. Ka kashe kiran, ka je reshe ko ka kira lambar da ke jikin katinka.

Sauyin kalma ana yin sa ne idan akwai dalili: ka shiga asusu a kwamfutar shago, ka faɗa wa wani, ka ga saƙon shiga daga na'urar da ba taka ba, ko an kutsa shafin. Shafin Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya kafa a 2013, yana nuna wa mutum kyauta ko imel ɗinsa ya fito a cikin bayanan da aka sace.

Tun yanzu, a takardar da ke akwati, ka rubuta lambar IMEI ta wayarka, wato lambar shaidar ita kanta na'urar, wadda take fitowa idan ka danna *#06#, da lambar da bankinka ya tanada domin rufe asusu daga wayar wani. Ranar da waya ta ɓata, tsarin shi ne a fara rufe asusun banki, sannan a sa kamfanin sadarwa ya rufe layin, sannan a ari wayar wanda aka amince da shi a sauya kalmar imel a fitar da wayar da aka sace daga jerin na'urori, daga nan a kai rahoto ga 'yan sanda, a je da NIN a karɓi sabon layi mai tsohuwar lambar, a dawo da WhatsApp, a kuma sanar da 'yan uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Abu na ƙarshe shi ne iyali, domin rai da ajali a hannun Allah suke, kuma a yau basussuka da lissafin kasuwa da hotunan takardun fili duk a waya suke zaune. Ka sa jimlar imel da ta ma'ajiya da lambar buɗe waya a ambulan, ka liƙe, ka shaida wa mutum ɗaya amintacce inda take, kuma duk sa'ad da ka sauya ɗaya ka sabunta ambulan ɗin. Google yana da tsarin da zai miƙa bayanan da ka zaɓa ga wanda ka ambata idan asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba, Facebook ma yana ba da damar naɗa wanda zai kula da shafi bayan rasuwa. Lambar sirrin banki ba ta shiga ambulan. Sunayen bankunan da lambobin asusu kawai za a rubuta, domin kuɗin mamaci haƙƙin magada ne gaba ɗaya, kuma ta hannun banki da takardun kotu ake fitar da su a raba.